Kuɗin guzurin alhazai: Yadda ake lissafinsa da tattalinsa a Saudiyya

Kuɗin guzuri shi ne abin da maniyyaci ke riƙewa a hannunsa domin buƙatun yau da kullum a ƙasa mai tsarki. A aikin Hajjin 2024 da na 2025, Dala 500 aka ware wa kowane maniyyacin Najeriya da ya bi ta hannun hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi.

Kuɗin ba kyauta ba ne daga gwamnati. Yana cikin kuɗin kujerar da maniyyaci ya biya, ana mayar masa da shi ne gab da tashi. Da yake zaman alhazan Najeriya a Saudiyya yakan kai wata guda ko fiye, yadda aka raba wannan kuɗi tun ranar farko shi ke nuna ko zai kai alhaji gida, ko kuwa zai ƙare a tsakiyar zama.

Darajar guzuri a Riyal

Tun daga 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a kan Dalar Amurka, inda kowace Dala ɗaya take daidai da Riyal 3.75. Ke nan Dala 100 ita ce Riyal 375, Dala 500 kuma Riyal 1,875. Masu canji kan cire 'yar ribarsu, don haka abin da za a miƙo wa alhaji zai iya gaza wannan adadi da 'yan Riyal kaɗan. Idan giɓin ya yi yawa, to akwai cuta a cinikin.

Naira ce ke hawa da sauka. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya haɗe kasuwannin canjin kuɗi wuri guda. Dalar da ake saya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,400 a 2024. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kujerar Hajjin 2025 ta wuce Naira miliyan 8.

Idan Dala tana kan Naira 1,500, kowane Riyal ɗaya Naira 400 ne. Shayi da burodi na Riyal 5 ya zama Naira 2,000, takardar Riyal 50 kuma Naira 20,000. Ƙanƙantar lambar da ke jikin takardar Riyal ce ke sa baƙo ya riƙa kashe ta kamar canjin cefane.

Abin da kuɗin kujera ya riga ya ɗauke

Kuɗin kujera ya ƙunshi jirgin zuwa da dawowa, masauki a Makka da Madina, abinci, motocin zirga-zirga tsakanin garuruwa, da tantunan Mina da Arfa. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, tana buɗe ɗakunan shan magani da likitocin Najeriya ke duba alhazai ba tare da biyan kuɗi ba. Haka kuma kowane alhaji na da lita 5 ta ruwan Zamzam da ake ba shi bayan ya sauka a gida.

Duk alhajin da ya bar abincin masauki ya koma cin na kanti kullum, ko ya bar motar tawagarsa ya ɗauki tasi, ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Sanin lokacin rabon abinci da lokacin tashin motoci na daga cikin hanyoyin tattali mafi sauƙi.

Hadaya ce babban kashi

Yawancin alhazan Najeriya Hajjin Tamattu'i suke yi, wato Umara da Hajji a tafiya guda, kuma wannan nau'i yana wajabta yanka hadaya. A Hajjin 2025, farashin hadaya ta shirin Adahi Riyal 720 ne, daidai da Dala 192. Wannan ya haura kashi ɗaya bisa uku na guzurin baki ɗaya.

A kowace shekara ana samun masu bi masauki-masauki suna karɓar kuɗin hadaya a farashi mai rahusa ba tare da wata shaidar yanka ba. Hukumomin alhazai kan ja hankalin maniyyata su biya ta hanyoyin da aka amince da su kawai, su kuma karɓi rasit. Wanda ya iya biyan hadayarsa da kuɗi na daban tun daga gida ya rage wa guzurinsa nauyi mafi girma. Wanda kuwa ba shi da hali, shari'a ta ba shi damar azumin kwana 10, uku a lokacin Hajji, bakwai bayan ya koma gida. Malaman bita na kowace jiha suna bayanin sharuɗɗan haka.

Yadda ake raba kuɗin

Idan aka cire Riyal 720 daga cikin Riyal 1,875, saura Riyal 1,155. A zaman kwana 35, alhaji na da Riyal 33 a kowace rana. Idan ya keɓe Riyal 200 saboda larura da Riyal 400 domin tsaraba, abin da ya rage Riyal 555 ne, wato kimanin Riyal 16 a rana.

Daga cikin wannan za a biya aski bayan Umara da bayan Hajji, katin waya, sabulu, takalmin da ya ɓata a Harami, da sadaka. Tsofaffi da marasa lafiya da ke buƙatar a tura su a keke wajen ɗawafi da sa'ayi suna da ƙarin kashi, kuma kuɗin turin kan tashi a kwanakin cunkoso. Wanda ya yi kuskuren da ke wajabta yanka shi ma zai nemi kuɗin wata dabbar.

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba kuɗin gida huɗu tun ranar da aka canza shi: na hadaya, na larura, na tsaraba da na yau da kullum. Na yau da kullum ɗin ne kaɗai ya kamata ya riƙa fita daga masauki.

Canji da tsaron kuɗi

Takardun Dala duk girmansu ɗaya, launinsu kuma kusan ɗaya. Da wannan ne 'yan damfara ke cutar alhazan da ba su saba da kuɗin ba, su karɓi takardar Dala 100 da sunan taimako, su mayar da ta Dala ɗaya. Ya dace maniyyaci ya ƙirga guzurinsa a gaban jami'in da ya ba shi, ya duba lambar da ke kusurwar kowace takarda. Wanda ba ya karatu ya nemi amintaccen ɗan'uwa ko jami'in ƙaramar hukumarsa ya duba masa.

A Saudiyya, canji a shagunan da ke da lasisi ko a bankuna ake yi, ba a hannun masu tsayawa a bakin titi ba. Canza Dala 100 ko 200 a lokaci guda ya fi canza kuɗin duka, domin abin da ba a canza ba ya fi wuyar kashewa. Ba a shiga cunkoson ɗawafi ko wurin jifa da dukkan guzuri a jiki, kuma ba a ajiye shi duka a jaka ɗaya.

Idan kuɗi ya ƙare ko ya ɓata, jami'an alhazai na jiha ake sanar wa. Bara laifi ne a dokar Saudiyya, ana ɗauri ko tara a kansa.

Kati ko tsabar kuɗi

A watan Fabrairun 2024, CBN ya umarci bankuna su riƙa biyan guzurin matafiya ƙasashen waje ta kati maimakon tsabar kuɗi. A 2025 an amince a ba alhazai nasu guzurin a hannu, saboda da yawansu ba su saba da amfani da kati ba. Masu zuwa Umara da sauran matafiya kuwa galibi da kati suke tafiya.

Shaguna da dama a Makka da Madina suna karɓar kati. Idan na'urar biya ko ta cirar kuɗi ta nemi a zaɓi tsakanin Riyal da wani kuɗin, Riyal ya kamata a zaɓa, domin farashin canjin da na'urar ke sanyawa da kanta yakan fi na banki tsada. Kowace cira tana da caji, don haka cira kaɗan-kaɗan sau da yawa asara ce. Kafin tafiya, matafiyi ya tambayi bankinsa iyakar abin da katin ke iya kashewa a waje.

Waya da zirga-zirga

Kira da layin Najeriya daga Saudiyya yana cinye kuɗi da sauri. Sayen layin STC, Mobily ko Zain da fasfo, tare da kira ta intanet, ya fi sauƙi. Wajen tasi kuwa, ana yin ciniki ne kafin a shiga, kuma mutum huɗu da suka haɗa kuɗin mota guda sun fi wanda ya shiga shi kaɗai samun rangwame.

Tsaraba da nauyin kaya

Tun daga watan Yulin 2020 Saudiyya ke karɓar harajin kashi 15 cikin 100 a kan kayan da ake saya, bayan da ta ɗaga shi daga kashi 5. Da yawa daga cikin carbi, darduma, hula da jallabiyar da ake sayarwa a kewayen Harami daga wasu ƙasashe ake shigo da su, kuma ana samun irinsu a manyan kasuwannin Najeriya. Shagunan da ke nesa da Harami sun fi na kusa sauƙin farashi.

Sayayya a makon ƙarshe, bayan an kammala ibada, ta fi aminci, domin a lokacin ne alhaji ya san abin da ya rage masa. Kowace jaka tana da nauyin da aka ƙayyade mata. Abin da ya haura ko dai a biya masa kuɗin dako, ko a zubar da shi a wurin awo.

Dokokin kan iyaka

Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shiga Najeriya da kuɗin da ya haura Dala 10,000 ya bayyana su ga Hukumar Kwastam. Saudiyya ma tana buƙatar a bayyana kuɗi da zinare masu yawa. Ɗaukar goro domin sayarwa a can ba hanyar ƙara guzuri ba ce, tunda hukumomin ƙasar sun haramta shiga da shi.

Tanadi tun daga gida

Malamai sun bayyana cewa ikon zuwa Hajji ya haɗa da guzurin hanya da kuma abin da za a bar wa iyali har a dawo. Saboda haka lissafin maniyyaci bai cika ba sai ya sa cefanen gida, kuɗin makarantar yara da hidimar tarbar baƙi bayan dawowa.

Domin masu tara kuɗi sannu a hankali, NAHCON ta ƙaddamar da Asusun Adashin Gata a 2020 tare da Bankin Jaiz, inda maniyyaci ke zuba abin da ya sawwaƙa har kuɗin kujerarsa ya cika. Mai wannan asusu zai iya ware kuɗin hadaya da na tsaraba a gefe tun yana tarawa, ta yadda guzurin da za a ba shi zai tsaya a kan buƙatun zamansa kawai.