Gayyar 'Yan Gem: Dalilin Taimakon Juna Tsakanin Abokan Hamayya

A shagunan gem na Yelwa da Gwallameji a Bauchi, inda ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suka yi sansani, da kuma zaurukan WhatsApp da 'yan wasan suka buɗe, akwai ɗabi'ar da ta cancanci nazari. Matashin da ya raba dare yana neman lallasa abokinsa a eFootball, shi ne zai tura masa saƙon murya yana koya masa jera 'yan baya, ko rage nauyin hoto don kada tsohuwar wayarsa ta riƙa sanƙarewa. Ko sisi ba a biyan sa.

A ce kirki ne kawai, an gajarta magana. Tsarin wasu wasannin ma yana tilasta haɗin kai. A Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, mutum 50 ake zubawa a tsibiri, kuma a wasan rukuni huɗu-huɗu ake shiga. Wanda aka harba yakan faɗi yana rarrafe, jininsa na tsiyayewa, sai ɗan rukuninsa ya kutso cikin wuta ya tashe shi. Wanda ya ƙi horar da sabon shiga yau, gobe ba shi da mai tashinsa.

A 1999 masanin zamantakewa Peter Kollock ya kawo dalilan da ke sa mutane taimakon juna a intanet, ciki har da sa ran ramuwa, da neman suna, da jin daɗin ganin tasirin aikin mutum. A ganina, a gari irin Bauchi neman suna ya fi nauyi, domin laƙabin wasa ba ya ɓoye kowa. Wanda ya warware matsala a zaure da dare, da safe za a gan shi a wajen mai cajin waya a ce masa “Oga”. Dama tun 1984 wani masanin, Robert Axelrod, ya nuna cewa haɗin kai yana ɗorewa ne idan mutane sun san za su sake gamuwa.

Sai kuma rashi, wanda nazarin Turawa bai cika kulawa da shi ba. Data na da tsada, sabis na yankewa, ana ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. Mai data ya jona maras ita, mai caji ya ara wa wani wayarsa. Wannan aikin gayya ne: a nome gonarka yau, gobe ka fito da fartanya.

Ba a ce babu zagi ko damfarar masu sayar da asusun wasa ba, kuma da zarar an sa kuɗi a gasa sai sirri ya koma aljihu. Duk da haka, malamai da iyayen da ke ɗaukar zaurukan nan a matsayin shiririta zalla ya kamata su leƙa ciki kafin su yanke hukunci.