Brondby: Tarihin Ƙungiyar da Ta Buɗe wa Kuɗi Ƙofa a Ƙwallon Denmak

Mai yiwuwa ne mai karatu ya yi mamakin ganin maƙala a kan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Denmak a cikin mujallar da aka saba cikawa da waƙa da ƙagaggen labari. Hujjarmu ita ce, mu da sana'armu nazarin labari ce, ba kasafai mukan ci karo da tarihin da ya zo da zubi irin na ƙagaggen labari kamar wannan ba. Ƙungiyar da za mu yi magana a kanta ita ce Brondby, wadda take wata unguwa a yammacin Kofanhegan, babban birnin ƙasar. Ita ce ta fara mayar da ƙwallo cikakkiyar sana'a a Denmak, kuma ita ce kuɗin da ta yi wa marhabin suka kusa haɗiyewa har sau biyu.

Kafin mu shiga labarinta, ya kamata mu san yanayin da ta tarar. Mutanen Denmak sun daɗe da sanin ƙwallo. An kafa ƙungiyar KB ta Kofanhegan tun 1876, hukumar ƙwallon ƙasar kuwa a 1889. Sai dai shugabannin wasan sun ɗauke shi a matsayin abin motsa jiki da gyaran tarbiyya, wanda bai dace a karɓi ko sisi a kansa ba. Duk ɗan wasan da ya fita waje ya karɓi albashi, to ya yi sallama da rigar ƙasarsa. Bayan da Denmak ta zo ta uku a wasannin Olamfik na 1948, ƙungiyoyin Italiya sun kwashe fitattun 'yan wasanta, irin su John Hansen da Karl Aage Praest waɗanda suka tafi Juventus, hukumar kuma ta rufe musu ƙofa. Ba a janye wannan doka ba sai a 1971, kuma ba a yarda a biya ɗan wasa a cikin gida ba sai a 1978. Ko a lokacin ma, abin da ake biya ɗan ihisani ne. Mutum zai wuni a ofis ko a masana'anta, da yamma ya ɗauki takalmansa ya nufi fili.

A cikin wannan yanayi aka haifi Brondby, ranar 3 ga Disamba, 1964, lokacin da ƙananan ƙungiyoyi biyu na maƙwabtan unguwanni, wato Brondbyoster da Brondbyvester, suka haɗe. Wurin da can ƙauyuka ne da gonaki. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shiga gina gidajen haya masu rahusa, ma'aikata suka yi ta tasowa daga cunkoson tsakiyar birni suna tarewa, daga baya kuma baƙi daga Turkiyya da Fakistan da wasu ƙasashe suka biyo. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, ba ta da fada ba ta da tsohon suna. Magajin garin, Kjeld Rasmussen, wanda ya yi kusan shekara 40 a kan kujera, ya fahimci cewa mutanen da aka tara daga wurare dabam-dabam suna bukatar abin da za su kira nasu, don haka ya tsaya wa ƙungiyar da fili da kayan aiki. Ta fara wasa a can ƙasa, a rukuni na shida, sanye da riga ruwan ɗorawa da wando shuɗi.

Mutumin da ya juya akalarta shi ne Per Bjerregaard, likita kuma ɗan wasanta, wanda ya ajiye takalmi ya karɓi shugabanci a farkon shekarun 1970 tun bai kai shekara 30 ba. Ya jawo Finn Laudrup, tsohon ɗan wasan ƙasa, ya zama koci yana kuma buga wasa. Wannan ɗauka ta yi riba fiye da yadda kowa ya zata, domin Finn yana da 'ya'ya maza biyu, Michael da Brian, waɗanda daga baya suka zama cikin gwanayen da ƙasar ba ta taɓa samun kamarsu ba. Ƙungiyar ta yi ta hawa rukuni bayan rukuni, har ta isa na ɗaya a 1982. A shekarar ce aka zaɓi Michael, yana ɗan shekara 18, gwarzon ɗan wasan Denmak, kuma a 1983 Juventus ta saye shi a kan kuɗin da ba a taɓa biyan kamarsa ga wata ƙungiyar ƙasar ba. A 1985, ƙarƙashin koci Tom Kohlert, Brondby ta ci kofin zakarun ƙasa karo na farko, shekara 21 kacal da kafa ta.

Daga nan ne Bjerregaard ya yi abin da ya sa muke wannan rubutu. A 1986 ya mayar da 'yan wasansa cikakkun ma'aikata, ba su da wani aiki sai ƙwallo, su yi atisaye da safe su yi da yamma, yayin da abokan hamayyarsu suke can suna neman abinci. A 1987 kuma ya kai ƙungiyar kasuwar hannayen jari, ta yadda duk mai kuɗi zai iya sayen wani yanki nata. Kafin wannan, Tottenham ta Ingila ce kaɗai ta taɓa yin haka. Tsofaffin ƙungiyoyin birni, masu alfahari da tarihi, sun dubi abin a matsayin rashin kunyar ɗan bana-bakwai. Amma sakamako ya rufe musu baki. Brondby ta ci kofi a 1987 da 1988 da 1990 da 1991. A gasar zakarun Turai ta 1986 zuwa 1987 ta kai zagayen 'yan takwas, inda Porto ta fitar da ita da ƙyar, kuma Porton ce ta ɗauki kofin a ƙarshe.

Ƙololuwar wannan zamani ita ce watan Afrilu na 1991, lokacin da ta haɗu da Roma a wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA, ƙarƙashin koci Morten Olsen. A raga akwai Peter Schmeichel. A cikin 'yan wasan ƙungiyar na lokacin akwai 'yan Nijeriya biyu, Friday Elahor da Uche Okechukwu, ɗan bayan nan da daga baya ya ci kofin Afirka a 1994 da zinaren Olamfik a 1996. An tashi babu ci a Denmak. A birnin Rum ana ɗaya da ɗaya, wanda bisa dokar wancan lokaci ta fifita ƙwallon da aka ci a waje ya isa ya kai Brondby wasan ƙarshe, sai Rudi Völler ya jefa ta biyu saura 'yan mintoci a tashi. Ƙungiyar wata unguwa da mazaunanta ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba ta zo dab da wasan ƙarshe na Turai, ta koma gida hannu rabbana.

To, a nan ne labarin ya karkata. Shugabannin sun lura cewa kuɗin ƙofa da na talla a ƙasa mai mutum miliyan biyar ba za su taɓa isa a yi gogayya da ƙungiyoyin Italiya da Jamus ba. Tunanin daidai ne. Maganin da suka nemo ne ya zama guba: suka shiga harkar sayen wani ƙaramin banki mai suna Interbank, da kuɗin bashi. Suna kuma sa ran kuɗin sabon tsarin rukuni-rukuni da aka shigo da shi gasar zakarun Turai a kakar 1991 zuwa 1992, sai Dynamo Kiev ta fitar da su tun kafin a kai wannan mataki. A 1992 kamfanin inshora na Hafnia, wanda yake da hannu a cinikin, ya durƙushe, nauyi ya dawo kan Brondby, aka wayi gari tana ɗauke da bashin da ya haura kurona miliyan 200. Ƙungiyar ƙwallo da ta je sayen banki, ita ce ta koma tana roƙon bankuna su yi mata sassauci. A ganinmu kuskuren ba na haɗama ba ne kawai. Mutanen da duk abin da suka taɓa cikin shekara ashirin ya yi kyau, da wuya su yarda akwai fagen da ba nasu ba.

Abin mamaki shi ne, a daidai wannan bazara ce ƙasar ta ci moriyar aikin Brondby. An kira Denmak gasar ƙasashen Turai ta 1992 a Suwidin a ƙurarren lokaci, bayan an cire Yugoslabiya saboda yaƙi. Ta je ta ci kofin. Wanda ya buga fenaritin da ya fitar da Holan a wasan kusa da na ƙarshe, Kim Christofte, ɗan Brondby ne. Ƙwallaye biyun da aka ci Jamus a wasan ƙarshe, ranar 26 ga Yuni, John Jensen da Kim Vilfort ne suka ci su, dukkansu 'yan Brondby. Schmeichel, wanda ya koma Manchester United a 1991, da Brian Laudrup da kyaftin Lars Olsen, duk sun ratsa ta can. Ana shagali a titunan Kofanhegan, ƙungiyar da ta reni rabin jaruman kuwa ba ta da tabbacin za ta ga baɗi.

Kwana biyar bayan wannan wasa, ranar 1 ga Yuli, 1992, aka haifi kishiyarta. Tsohuwar KB da wata ƙungiya mai suna B 1903 suka haɗa ƙarfi suka kafa FC Kofanhegan, ta tare a babban filin ƙasa na Parken, ta kuma ci kofi a kakarta ta farko. Tun daga lokacin karawar waɗannan biyu ta zama wasan da ya fi kowane zafi a ƙasar, ana kallonsa a matsayin karon 'yan birni da 'yan bayan gari, ko da yake a yau akwai talaka da mai kuɗi a kowane ɓangare.

Brondby ba ta mutu ba. An yi sulhu da masu bin bashi, aka tsuke bakin aljihu, aka koma dogaro da yaran gida. Ebbe Skovdahl, kawun su Michael da Brian, ya dawo koci. A 1995 suka je Anfield suka ci Liverpool ɗaya da nema da ƙwallon Dan Eggen, suka fitar da ita daga kofin UEFA. A kaka ta gaba Karlsruhe ta Jamus ta ci su uku da ɗaya a gida, suka bi ta har gidanta suka zura mata biyar ba ko ɗaya. Suka ci kofin ƙasa sau uku a jere, 1996 da 1997 da 1998. A 1998 ɗin suka shiga rukunin gasar zakarun Turai da suka yi ta mafarki, aka haɗa su da Bayern Munich da Barcelona da Manchester United. Sun doke Bayern biyu da ɗaya a wasan farko, sannan suka sha kashi a sauran biyar, ciki har da shida da biyu da kuma biyar da nema a hannun United, wadda tsohon golansu yake tsare wa raga. Bayern da United ɗin ne suka haɗu a wasan ƙarshe na kakar.

Michael Laudrup ya dawo gida a matsayin koci a 2002, ya ci kofin zakarun ƙasa da na ƙalubale tare a 2005, ya tafi a 2006. Bayansa sai fari. FC Kofanhegan, wadda kamfaninta ya mallaki filin Parken yana samun kuɗi daga bukukuwan mawaƙa da hayar ofisoshi, ta cim ma abin da Brondby ta nema ta hanyar banki ta rasa, ta kuma zarce ta a yawan kofuna. Brondby kuwa ta yi ta sauya koci, kuɗi suna zurarewa. A 2013 ta sake tsayawa a bakin rami ta fuska biyu: asusu ya ƙafe, kuma sai a wasan ƙarshe na kaka, a garin Horsens, ta kuɓuta daga faɗawa rukuni na biyu da ƙwallo ɗaya tal. An sayar da sababbin hannayen jari, attajirai suka saya, magoya baya ma suka sa abin da ya sawwaƙa. Zamanin Bjerregaard ya ƙare, wani attajiri mai suna Jan Bech Andersen ya zama mai faɗa a ji.

Shi ma zamaninsa bai rasa abin faɗa ba. A 2016 koci Thomas Frank, wanda daga baya ya kai Brentford babbar gasar Ingila, ya ajiye aiki bayan an gano cewa shugaban nasa ne yake sukar sa a intanet da sunan aro. A 2018 kofi yana hannu, saura wasa biyu, suna gaban Horsens da biyu da nema, aka farke duka biyun a mintocin ƙarshe, Midtjylland ta wuce da kofin. Sai a watan Mayu na 2021, ƙarƙashin Niels Frederiksen, Brondby ta ci kofinta na 11, bayan jiran shekara 16.

Shekara guda da 'yan watanni bayan wannan murna, a ƙarshen 2022, wani kamfanin masu zuba jari ƙarƙashin Ba'amurke David Blitzer, wanda a lokacin yake da hannu a Crystal Palace ta Ingila da Augsburg ta Jamus, ya sayi fiye da rabin hannayen jarin ƙungiyar. Masu goyon bayan cinikin suka ce babu wata hanyar riskar FC Kofanhegan sai wannan. Wani ɓangare na magoya bayan da suke cika rumfar kudu ta filin, waɗanda waƙoƙinsu da tutocinsu ne suka yi wa Brondby suna, suka ƙi amincewa, suna cewa ƙungiyar da iyayensu suka gina da aikin sa-kai ba za ta zama reshen kamfanin wani ba. Mu dai mun fi karkata ga waɗannan na biyu, amma gaskiya ta tilasta mu ce ranar da aka kai ƙungiyar kasuwa a 1987 aka rubuta yiwuwar wannan ciniki, kuma a wancan lokaci tafi aka yi.

A watan Mayu na 2024 Brondby ta shiga wasan ƙarshe na kaka tana saman tebur, a gidanta, gaban mutanenta. AGF ta garin Aarhus ta ci ta uku da biyu, Midtjylland ta yi canjaras uku da uku da Silkeborg, ta ɗauki kofin da tazarar maki ɗaya.