'Yan Mata Biyu Da Buroshin Fenti

'Yan uwana mata, yau tarihin wasu ya da ƙanwa na kawo muku daga ƙasar Faransa, Edma da Berthe Morisot. An haifi Berthe a shekarar 1841, a gidan rufin asiri. A wancan zamanin makarantar zane ta gwamnati da ke Faris ba ta ɗaukar mata, sai a 1897 aka buɗe musu ƙofa. Don haka malami iyayensu suka ɗaukar musu, suna kuma zuwa gidan tarihi na Louvre suna kwaikwayon zanen magabata.

Daga baya suka koma hannun wani dattijon gwani mai suna Corot, wanda ya koya musu fita waje su zana itatuwa da ruwa da sararin sama ido da ido. Abin da ya sauƙaƙa wannan fita kuwa shi ne, a 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙago bututun kuza irin na man goge baki, a matsa fenti a rufe. Kafin nan a mafitsarar alade ake ɗure fentin mai, in an huda ta kuwa ba ya jimawa ya bushe.

To yaya salon yake? Haske ba ya jiran kowa, rana na gusawa launi na sauyawa. Sai mai zane ta yi hanzari, tana ɗiga launuka gajeru-gajeru gefe da gefe ba tare da ta shafe su ba. Inuwa ma da shuɗi ko shuni-shuni ake yin ta maimakon baƙi. In kin matsa kusa sai ki ga kamar jagwalgwalo, in kin ja da baya sai ga kogi yana ƙyalli.

A 1874 Berthe ta shiga baje kolin farko na masu wannan salo tare da su Monet da Renoir. Masu sharhi suka yi musu ca, har wani ya laƙaba musu suna "Imfireshinis" don izgili, daga sunan zanen fitowar rana na Monet. Sau 8 suka yi baje koli zuwa 1886, Berthe ta halarci 7. Na 1879 kaɗai ya wuce ta, saboda jegon 'yarta Julie.

Edma fa? Ta auri hafsan sojan ruwa a 1869, daga nan zane ya kusan tsayawa cak. Ita kuwa Berthe ta auri Eugène Manet a 1874, ya tsaya mata, ta riƙe gida ta riƙe buroshi. Ta rasu a 1895 bayan ta ɗauki ciwo wajen jinyar 'yarta, a takardar rasuwarta kuma aka rubuta wai ba ta da sana'a! Ga shi a 2013 an sayar da zanenta ɗaya a Landan kan kusan dala miliyan 11.

Ni dai a ganina aure ba ya kashe baiwa, rashin mai ƙarfafa gwiwa da sakaci su ke kashe ta. Ke mai saƙa, ke mai ɗinki, ke mai zanen lalle, ki tattauna da maigida tun da wuri, ki ware wa aikin hannunki lokaci ko da kaɗan ne kullum. Allah Ya haɗa mu da masu ganin ƙimar abin da muka iya, amin.