Zamanin Wayar Girke a Sabon Shagamu

Yaran yanzu in ka ce musu akwai lokacin da mutum zai yi wanka ya sa riga don kawai zai je buga waya, sai su yi dariya. Amma haka muka taso muka tarar a nan Sabo.

Kafin tarho ya shigo unguwa, iyayenmu fataken goro da tangaraho suke aiki. A je gidan waya, a ba akawu saƙo, ya ƙirga kalmomi ya yanke kuɗi. Shi ya sa saƙon ba ya wuce "kaya sun taso" ko "dakata, kasuwa ta faɗi". Ma'aikatar P&T ce ke riƙe da wasiƙa da waya gaba ɗaya, har shekarar 1985 da gwamnati ta haɗe sashen wayarta da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL.

Gidajen da ke da tarho a Sabo ba su da yawa, galibi na manyan masu gida ne da ke saukar da baƙi. Yana ajiye a ɗakin maigida, an lulluɓe shi da ƙyalle, an sa wa abin juya lambar ɗan kwaɗo saboda yara. Amma a gaskiya na unguwa ne. In aka bugo daga Kano, sai a ce "a sake kira bayan la'asar", a tura yaro da gudu ya nemo mai saƙon. Har gobe dattawanmu ba su manta 064 ta Kano da 060 ta Sakkwato ba.

Goro ba ya jira. In mota ta ɗauki huhu ta nufi Arewa alhali farashi ya karye a can, an tafka asara ke nan. Kira ɗaya na minti uku yakan ceci jarin mutum na shekara.

To, su wa ke riƙe da wannan layi? Ma'aikatan waya ne, mafi yawansu Yarabawan gari. Damina a nan doguwa ce. Iska ta kayar da reshe a kan waya, ko ruwa ya shiga ramin kebur, sai tarho ya mutu mus. Washegari za ka gan su da tsani a kafaɗa da ɗan tarhon gwaji a rataye, suna bin turaku ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani dattijo cikinsu da ya iya Hausa tsaf. In ya gama gyara daga saman turke sai ya kira gidan ya ce, "Alhaji, ka ji ni? To, gaida Kano." Ya sauko a kawo masa ruwa da goro. Ya san gidan da aka yi haihuwa da wanda aka yi rashi, amma ba a taɓa jin zancen wani a bakinsa ba.

Ranar da muka fi sanin darajar aikinsu ita ce lokacin rikicin Yulin 1999. Jita-jita ta riga gaskiya isa Arewa. Gidajen da layinsu ke aiki suka cika maƙil, kowa na son ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ina nan da rai." Layin da maƙwabtanmu Yarabawa suka ɗaura shi ya kai wannan magana gida.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki, Glo ta biyo baya a 2003. 'Yan lema suka baje a bakin titi, sannu a hankali kowa ya mallaki tasa a aljihu. Tarhon maigida ya yi shiru, ma'aikatan suka watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Waɗanda suka rage sun tsufa, suna nan cikin gari. Duk wanda mahaifinsa ya ci goro da wannan layi, ya kamata ya neme su ya gaishe su, ya kuma rubuta abin da suka tuna tun suna iya faɗa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar mu da zumunci.