Jakada, Haraji da Labarin "Sarki Bai Sani Ba"

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, yawancin hakimai suna zaune ne a birni, jakadunsu ke shiga ƙauyuka karɓar haraji da jangali, ciki har da garuruwan kudu irin na yankin Rano da Kibiya. Tsarin ya ba mai iko mafaka: jakada ya ƙwace, fadawa su yabe shi, idan talaka ya kai kuka a ce sarki bai sani ba, ko kuma a laƙaba wa mai ƙarar taurin kai.

Wani zai ce laifin na jakadu ne kawai. To amma da Turawa suka tura hakimai zama a gundumominsu suka rage jakadu, zaluncin bai ƙare ba, sai dai dagatai da 'yan doka suka gaji aikin. Shi ya sa 'yan jam'iyyar NEPU, tun daga 1950, suka riƙa ɗora alhakin kan masu naɗa dagatan da 'yan dokan, aka kuwa ɗaure 'yan jam'iyyar da sunan masu tayar da fitina. Sai a 1979 Gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Wanda ya aika a ci zali, shi ne azzalumi na farko.