Tartsatsi da Farfela: Tarihin Tayar da Injin Ƙaramin Jirgin Sama

Masu ba da tarihin sufurin sama sukan fara ne daga ranar 17 ga Disamba, 1903, ranar da Wilbur da Orville Wright suka tashi da jirginsu a Amurka. A gefen wannan babban tarihi akwai wani ƙarami, na jiragen da ba su ɗaukar kowa, waɗanda yara da manya ke ƙerawa da katako mara nauyi da takarda ko siliki. Wanda ya bi diddigin wannan tarihi zai ga cewa samun injin da zai ɗaga irin wannan jirgi bai ba magabata wahala kamar tayar da shi ba. Yadda ake tayar da injin shi ya riƙa yanke hukuncin wanda zai shiga wannan fage da wanda zai tsaya kallo.

Kafin inji, roba ce ke mulki. A 1871 Bafaranshe Alphonse Pénaud ya nuna wani ɗan jirgi a birnin Paris wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Roba ba ta da tsada, ba ta kuma gardama: a murɗa, a saki. An yi ƙoƙarin maye gurbinta da fetur tun da wuri. A 1914 David Stanger ya tashi wani jirgi mai injin fetur a Ingila har tsawon daƙiƙa 51, bajintar da ba a goge ba a ƙasar sai 1932. Sai dai injunan wancan zamani na ɗaiɗaikun gwanaye ne, kowa da wanda ya sassaƙa wa kansa.

Sauyi ya zo daga birnin Filadelfiya, a hannun wasu samari biyu abokan juna. Bill Brown ya ƙera ƙaramin inji mai silinda ɗaya, Maxwell Bassett kuma ya ƙera jiragen da za su ɗauke shi. A gasar ƙasa ta 1933 a New York, Bassett ya shiga cikin masu roba, domin doka ba ta hana fetur ba, ya lashe manyan kofuna uku. Daga nan aka ware wa fetur rukuninsa. A 1934 injin ya shiga kasuwa da sunan Brown Junior, faɗin cikinsa kimanin sisi 10, ƙarfinsa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin doki, kuɗinsa dala 21 da rabi. A shekarun karayar tattalin arzikin Amurka, wannan kuɗi ya fi albashin mako na ma'aikata da yawa.

Wanda ya saya kuwa bai gama biya ba, domin sauran bashin da haƙuri ake biyansa. Injin ba ya aiki shi kaɗai. Yana buƙatar fulogi, da kwayil mai ɗaga ƙarfin wuta, da kwandansa, da batir biyu, da wasu 'yan ƙarafa biyu a bayan farfela masu haɗuwa su rabu don tartsatsi ya fita a kan kari. Duk wannan kaya jirgin ne zai ɗauke shi sama. Mai jirgi zai ɗaure injin a kan katako mai ƙarfi, ya haɗa wayoyi, ya gauraya fetur kashi uku da baƙin mai mai kauri kashi ɗaya, tunda injin ba shi da wata ma'ajiyar mai daban da za ta jiƙa fistin.

Tayarwar kanta tana da ƙa'idoji. Zai buɗe allurar da ke daidaita shigar mai, ya toshe bakin shan iska da yatsa, ya juya farfela sau biyu ko uku don mai ya hau. Zai ja hannun da ke riƙe da 'yan ƙarafan nan baya, don tartsatsi ya yi jinkiri. Sannan ya jona babban batir na ƙasa, domin kada ƙananan na cikin jirgi su ƙare tun ba a tashi ba. Sai ya fizgi farfela da yatsu. In mai ya yi yawa, fulogi ya jiƙe, shiru. In ya yi kaɗan, injin ya yi tari ya mutu. In tartsatsi ya yi gaggawa, farfela ta dawo baya ta sare masa yatsa. In baƙin mai ya ɓata ƙarafan, wuta ba za ta fita ba sam, ga shi kuwa dukkan waɗannan cututtuka alamarsu ɗaya ce: inji ya ƙi tashi. Idan ya kama, sai ya tura hannun gaba sannu a hankali, ya rage mai, yana saurare, har gurnanin ya koma kuka mai tsini wanda ba ya yankewa. Kunne ne ma'auninsa, ba shi da wani.

Wannan wahala ta zama makaranta. Yaron da ya iya tayar da Brown Junior ya san wutar lantarki, ya san gaurayar mai da iska, ya kuma koyi bin matsala ɗaya bayan ɗaya har ya kamo mai laifi. Amma makaranta ce mai ƙunƙuntar ƙofa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai da yawa sun sha gudun ba su ga zomon ba.

A 1947 Ray Arden ya fito da wani sabon fulogi mai ɗauke da siririyar waya ta ƙarfen filatinam. Ana ɗumama ta da batir har ta yi ja, a tayar da inji, a cire batir. Daga nan zafin ƙuna da haɗuwar filatinam da tururin man metanol su ke riƙe ta da ja. Kwayil da kwandansa da ƙarafa da batiran cikin jirgi duk suka zama tarkace. Jirgi ya yi sauƙi, inji ya ƙanƙance, farashi ya faɗi. Cikin 'yan shekaru fetur ya kusa ɓacewa daga filayen wasa, ƙananan injuna irin na kamfanin Cox suka shiga hannun yara ba adadi. Abin lura shi ne, ba a kayar da fetur don ya gaza ɗaga jirgi ba. An kayar da shi ne a ƙasa, a cikin mintunan da mutum ke durƙushe gaban farfela.

Hujjar haka ita ce yadda ya dawo. A shekarun 1970, da masu sarrafa jirage da rediyo suka fara ƙera manya, metanol ya yi musu tsada, domin ƙarfin da ke cikinsa kusan rabin na fetur ne, inji kuma sai ya sha ninki. Sai suka koma ga injunan zarton yankan itace, irin su Quadra, waɗanda ke samar da wutarsu da maganaɗisu. Daga baya na'urar lantarki ta karɓi aikin ƙarafan nan: ita ke lura da juyawar inji, ta jinkirta tartsatsi lokacin tayarwa, ta gaggauta shi idan gudu ya ƙaru. Aikin da yatsun Bassett ke yi ya koma cikin ɗan akwati. Fetur bai canza ba, tayarwa ce ta canza.

Har yau akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin jirage a Amurka da Ingila da ke tashin injunan shekarun 1930 yadda aka gada. Ba su yin haka don sun fi sauri ko sun fi arha. Suna adana wani sani ne da sauƙi ya kora, sanin da ke zaune a yatsa da kunne. Tarihin wannan ɗan inji ya nuna cewa ƙirƙira ba ta zama ta jama'a sai hannun da bai ƙware ba ya iya tayar da ita, kuma ranar da hakan ta faru, jama'a kan daina sanin abin da ke faruwa a cikinta.