Karayar Ƙashin Cinya a Tsufa: Yadda likitoci ke auna haɗarin mutuwa, da abin da ma'auninsu ke tsallakewa a Sakaba

Tsohuwa ta zame a bakin rijiya, ko dattijo ya faɗi a hanyar bayan gida da duku-duku, ya kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje. Sau da yawa wannan alama ce ta karayar ƙashin cinya ta sama, daf da kwatangwalo. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka yi irin wannan karaya kan rasu cikin shekara guda.

Me ke kashe majinyacin?

Ba kasafai karayar kanta ke kisa ba. Doguwar kwanciya ce ke buɗe ƙofa ga ciwon huhu, da gudan jini da kan taso daga jijiyar ƙafa ya toshe huhu, da gyambon kwanciya, da ciwon mafitsara, da ruɗewar hankali. Shi ya sa likitoci ke gaggauta tiyata, ko a ɗaure ƙashin da ƙarfe ko a sauya kan ƙashin, domin majinyaci ya samu zama da takawa da wuri. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2011 ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da majinyaci ko washegari.

Ma'aunan da ake amfani da su

Kafin tiyata, likitan da ke sa barci kan sanya majinyaci a ɗaya daga cikin matakan ASA, daga mai cikakkiyar lafiya zuwa wanda ke bakin mutuwa. Akwai kuma ma'aunin Nottingham, wanda likitocin wannan birni na Ingila suka wallafa a 2008 don hasashen mutuwa cikin kwana 30. Abubuwa bakwai yake dubawa: shekaru, da jinsi (haɗarin ya fi yawa ga maza), da ƙarancin jini ranar zuwa asibiti, da raunin tunani, da zama a gidan kula da tsofaffi, da yawan cututtukan da mutum ke ɗauke da su, da ciwon daji.

Idan jiki ya tsananta bayan aiki har aka kai majinyaci sashen kulawa ta musamman, sai a koma ga ma'aunai irin su APACHE II na 1985 da SOFA na 1996. Shi SOFA yana bin diddigin aikin huhu, da zuciya da bugun jini, da hanta, da ƙoda, da ƙwaƙwalwa, da daskarewar jini. A 'yan shekarun nan masu bincike na horar da kwamfuta ta yi wannan hasashe, sau da yawa da bayanan rumbun MIMIC, wanda aka tattara daga wani asibiti a birnin Boston na Amurka.

Sakamakon ma'auni kiyasi ne a kan rukunin mutane masu kama da juna, ba ya faɗin ajalin kowa. Amfaninsa shi ne a san wanda za a fara yi wa ƙarin jini, da wanda za a tanadar wa gado a sashen kulawa ta musamman, da kuma yadda za a gaya wa iyali gaskiya kafin su yanke shawara.

Inda ma'aunin ya gaza

An ƙera waɗannan ma'aunai ne a ƙasashen da motar asibiti ke ɗauko majinyaci cikin sa'o'i. Dattijon da ya faɗi a Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru, labarinsa daban ne. Irin wannan tiyata da gadon kulawa ta musamman sun fi samuwa a manyan asibitoci, kamar na Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Kowanne tafiyar sa'o'i masu yawa ce, a yankin da 'yan bindiga suka daɗe suna addaba. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba.

Ga kuma batun ɗori. Mai ɗori na kusa, yana da sauƙin kuɗi, jama'a sun yarda da shi. Amma wuyan ƙashin cinya yana can cikin gaɓa, tsoka ta lulluɓe shi, karan ɗori ba ya riƙe shi, kuma jinin da ke ciyar da kan ƙashin kan yanke idan ya goce. Makonnin da aka shafe ana jiran ɗori ya kama su ne lokacin da ciwon huhu da gyambo ke shiga. Babu gurbin wannan jinkiri a ma'aunin Nottingham, alhali yana tambaya a kan gidan kula da tsofaffi, abin da ƙauyukan Zuru ba su saba da shi ba.

Alhakin da ke kan hukuma

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022, ta tanadi asusu na musamman ga masu rauni, ciki har da tsofaffi. Jihar Kebbi ma tana da tata hukumar, KECHEMA. Masu zaɓe na da haƙƙin tambayar wakilansu: tsofaffi nawa aka yi wa rajista a Sakaba, shin tsarin ya haɗa da tiyatar ƙashi, kuma wace mota ce za ta kai majinyaci? Haka nan asibitocin koyarwa na Arewa na buƙatar rumbun bayanai nasu, irin wanda Birtaniya ta buɗe a 2007, domin a gwada ma'aunan a kan majinyatan gida.

A matakin iyali kuwa, duk tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a kai shi a ɗauki hoton ƙashi a ranar, tare da magungunan da yake sha, tun kafin a fara shawarar ɗori.